Kwamfuta a Kan Matashi

"Wayarki da cajarta da kwalinta," na ce mata, "ni kuma in ba ki laftof da makirufo mai doguwar igiya. Ba ki ƙara mini komai ba, ni ma ban ƙara miki ba."

Surayya, autar Malam Rabe, ta daɗe tana jujjuya wayar a hannunta. Muna zaune a bencin da nake dillancina shekara talatin da wani abu, a bakin titin Sabo, unguwarmu ta Hausawa a nan ƙasar Yarbawa, 'yan acaba suna ta wucewa kamar za su hau ƙafarmu.

"Baba Salisu, sharaɗina ɗaya ne," ta ce. "Kada ta yi ƙara. Na ari ta wata abokiyar aikina a makaranta, fankarta kamar ana niƙan markaɗe, da na saurara sai ka rantse a gidan inji Baba yake waƙar. Murya zan ɗauka. In tana da ƙara, ka gaya mini tun yanzu, jo, don Allah."

"Ƙara kuma? Wannan ko numfashinta ba za ki ji ba."

"Ka tabbata?"

"'Yar nan, ranar sunanki ni na riƙe ƙafar ragon."

Ta yi dariya, ta zare layinta, ta miƙo wayar. Na ce Allah ya sa wa ciniki albarka, ta ce amin.

Dalilin wannan musaya kuwa kowa a Sabo ya san shi. Mahaifinta, Malam Rabe, ya haura tamanin, kuma likitoci sun sa masa ranar aiki a maƙogwaro, saura kwana ashirin da ɗaya. Sun faɗa wa iyalinsa gaskiya: ran zai iya tsira, amma murya kada a sa rai. A cikin wannan muryar kuma akwai abin da babu shi a ko'ina. Mahaifinsa, marigayi Malam Ɗantani, ya bar wata doguwar waƙa da ajami, babi goma sha biyu, wa'azi da addu'a da labarin yadda mutanenmu suka biyo hanyar goro har suka zauna a nan. Takardun, ruwan sama ya ci rabi shekarar da rufin ɗakin ya faɗa, gara ta ƙarasa sauran. Malam Rabe kaɗai ya haddace ta. Surayya ta fara gwada ɗauka da waya, kira ya shigo da wani kiɗa ana tsakiyar addu'a, daga ranar Malam ya ce kada waya ta ƙara shiga inda yake waƙar.

Abin da ban gaya wa Surayya ba shi ne, kwamfutar nan tawa ta fi ta ƙawarta ihu.

Da yamma, kafin in miƙa mata ita, na ɗauke ta na kai wa Ikrama, mai gyara, wanda shagonsa ke bayan masallacin layinmu. Haifaffen nan ne, magidanci mai 'ya'ya uku, yana magana da Hausa ya zarce Yarbanci ya dawo da Turanci bai sani ba. Dama shi ya tashe ta. Tsohuwar tokumbo ce, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, manhajar da ta zo da ita ta yi mata nauyi, sai ya sauke ya ɗora mata wata ta kyauta da ake kira Linux. Ta yi sauri kamar sabuwa. Amma tun daga ranar, da an kunna ta fankar ciki ke tashi da dukan ƙarfinta, ba ta sassautawa sai an kashe.

"Ka sa ta yi shiru," na ce.

"Baba Salisu, shebi na yi maka bayani? Fankar nan da waccan tsohuwar manhajar ta saba. Ita ce ke ce mata yi a hankali, ƙara kaɗan, huta. Wannan sabuwar ba ta gama jin yarenta ba. Kamar baƙon da ya sauka tashar Ojoo jiya ne, kalma biyu ya iya gaya wa kwandasta: tafi, tsaya. Na yi kwana biyu ina nema mata tsaka-tsaki, wannan samfurin ya ƙi."

"To ka ce mata tsaya."

Ya ajiye sukudireban da ke hannunsa. "In ta tsaya, wa zai fitar da zafin?"

"Rabin sa'a ne kullum. Tsoho mai ciwon wuya, awa nawa zai yi yana waƙa?"

Ya yi ta gunaguni, amma ya yi. Ya rubuta wasu abubuwa a wata baƙar taga, ihun ya sauka, ya sauka, ya mutu. Sai ya nuna mini wata 'yar lamba da ya maƙala a kusurwar sama ta fuskar kwamfutar.

"Boko ne ba ka yi ba, amma lamba ba wanda zai cuce ka a kanta. Wannan zafin jikinta ne. Saba'in, lafiya. Tamanin da biyar, ka fara salati. In ta taɓa ɗari za ta kashe kanta ba sallama, kuma abin da ake ɗauka a lokacin, ban rantse maka zai dawo ba. Minti arba'in, kada a wuce. A kan tebur, ƙasanta a sarari, don ta nan take shan iska. In ta yi zafi, ga maɓallai uku, a danna su tare fanka ta tashi." Ya danna, ta yi kururuwa, ya sake dannawa, ta yi tsit. "Ka gaya mata duk wannan, Baba."

"Zan gaya mata."

Ban gaya mata ba. Na daɗe a sana'ar nan, na san mai saye in ya ji "amma" hannunsa komawa yake kan kayansa, ga shi kuma na riga na yi wa wani direban tirela alkawarin wayar. Na ce mata irin wadda ake amfani da ita a asibiti ce, shi ya sa ba ta da ƙara. Na ce ta riƙa ɗora ta a tebur. Da ta tambayi lambar kusurwa na ce ta masu gyara ce, ba ruwanta da ita.

Kuma da farko Allah ya rufa mini asiri. Kullum da hantsi, kafin rana ta yi zafi, Malam ya yi babi ɗaya, minti ashirin da biyar ko talatin, a kan ƙaramin teburin zaurensa. Babi goma sha ɗaya suka shiga tas. Surayya har biyowa ta yi ta bencina ta sa mini abin sauraro a kunne, na ji muryar tsohon kamar yana zaune a kafaɗata. Na ce a raina, Ikrama da tsoro.

Sai tari ya kwantar da Malam kwana tara. Ran da ya iya tashi zaune Talata ce, aikin kuma Laraba da safe. Saura babi na ƙarshe, wanda ya fi kowanne tsawo, ya kai sa'a ɗaya da rabi. A cikinsa Malam Ɗantani ya jero sunayen mutanen da ya tarar da waɗanda suka tarar da shi a Sabo, kowa da garinsu da sana'arsa da addu'ar da ya yi masa. Don haka Malam Rabe ya ce a bari sai bayan Azahar, jikoki su zo su ji sunan kakanninsu.

Ni ma ina da abin ji. Mahaifina, Yahya, ɗan dakon goro ne, ya rasu ina shekara huɗu. Ba hoto, ba takarda. Mahaifiyata ta sha gaya mini yana cikin waƙar Malam Ɗantani, amma ban taɓa jin wurin ba.

A ƙofar zaure an ajiye babban faranti, kowa ya kashe wayarsa ya jefa. Na jefa tawa na shiga. Mutum ya kai talatin, maza a gaba, mata daga baya wajen ƙofar cikin gida. An ɗauke wuta tun safe, fankar sama tsaye cik, tagogi kuma an rufe saboda ƙarar titi. Ban ko zauna ba rigata ta manne a bayana.

Sai idona ya sauka a kan kwamfutar.

Ba ta kan tebur. Tana bisa wani lafcecen matashi na karan-miski, ta nutse a cikinsa, an kuma zagaye gefunanta da farin mayafi mai ado, fuskarta da maɓallanta kaɗai ke waje. A gefenta Hajiya Ashatu ce zaune, ƙanwar Malam, wadda ke da rumfunan albasa a kasuwar Shasha. Da safen nan ta iso, kuma duk wanda ya taɓa ciniki da ita ya san ba a ja da ita.

Na durƙusa na gaishe ta. "Hajiya, da an mayar da ita kan tebur, ta fi sabawa da can."

"Teburin da ake ɗora kwanon tuwo?" Ta dube ni sama da ƙasa. "Salisu, yarinyar nan ta ce mini duk waƙar Baba tana cikin abin nan. Sunan Allah nawa ne a ciki? Salati nawa? Kai ko wata uku ka yi a makarantar allo, ka taɓa ganin an yar da takardar malam a kan katako tsirara? Muna yara, Baba ko gafakarsa ba a ajiyewa sai an shimfiɗa abu."

"Gwaggo ta yi gaskiya, ai ba komai," in ji Surayya tana gyara igiyar makirufo. "Ko akwai matsala, Baba Salisu?"

Nan ne ya kamata in buɗe baki. Na waiga, na ga Alhaji Rilwanu da ya sayi firji ta hannuna, na ga mutum biyar ko shida da ke aiko mini da 'ya'yansu in zaɓa musu waya. Na dubi lambar kusurwa: hamsin da takwas.

"Babu," na ce. Na nemi wuri a bayan Surayya inda zan riƙa hango lambar.

Aka shigo da Malam Rabe a riƙe, aka jingina shi da bango. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Ya kurɓi ruwan ɗumi da zuma, ya ce da wata murya kamar ana jan takarda a ƙasa:

"Wanda zai fita ya fita yanzu. In na fara ba na tsayawa. In na tsaya tari zai kama ni, in kuma ya kama ni, to an gama. Auta, kin shirya?"

"Na shirya, Baba."

Ya rufe ido ya fara. Abin mamaki, da ya shiga waƙar sai muryar ta miƙe, ta yi kauri, kamar ba ita ce ta gama magana yanzu ba.

Minti goma na farko lambar ta hau sittin da huɗu. Na ce ba laifi. Malam ya gama yabon farko ya shiga sunayen fatake. Wani dattijo a gabana ya ji sunan kakansa, ya sunkuyar da kai yana share ido da hannun riga. Ni idona yana kusurwa. Saba'in da ɗaya. Saba'in da huɗu. Ban taɓa sanin lamba tana da tafiya irin ta kunama ba, ta tsaya kamar ta mutu, ka ɗauke ido ka dawo ka ga ta matsa.

Na yi lissafi irin na kasuwa. Rabin sa'a ta ci ashirin. Saura sa'a guda. Ko yaro ya san inda za a kwana.

A tamanin da uku na miƙa hannu a ɓoye na taɓa gefen matashin. Ɗumi kamar an sauke tukunya daga kai. Na tashi a sunkuye, na bi ta bayan mutane ina taka gefen riguna, na fita. Na tono wayata daga cikin farantin, na matsa can bakin kwata na kira Ikrama.

"Baba Salisu, ina Ojoo, goslo ya riƙe mu tun ɗazu. Lafiya?"

"Tamanin da biyar."

"Mene ne tamanin da... Kai! Minti nawa aka yi?"

"Arba'in da wani abu. Saura kusan hakan."

"Tana kan tebur?"

Na waiga na dubi ƙofar zauren.

"Baba, tana kan me?"

"Matashi. An lulluɓe ta."

"Yeee! Kun kashe ni! Wa ya... ba ka gaya mata ba ke nan. Wallahi ba ka gaya mata ba."

"Ka yi faɗan gobe. In ce ta tsayar ta adana abin da aka samu?"

"A'a! Kada ta taɓa! Adana murya mai tsawo haka shi ne aikin da ya fi gasa ta, a nan za ta mutu da shi a baki. Sai ta huce tukuna. Ku ɗaga ta daga matashin nan yanzu, iska ta shiga ƙasanta, sannan a tashi fanka. Ka tuna maɓallan?"

"Da na tuna zan kira ka?"

"Ka ce mata Kontrol, Alt, da F, a tare. Ita ta san su. Maimaita."

Na maimaita sau biyu kamar ɗan makaranta.

"Oya, ruga! In an kunna fanka tana kan matashi, auduga kawai za ta shaƙa. A ɗaga ta tukuna!"

Da na koma, tasa'in da ɗaya. Malam ya shiga sunayen mahauta. Na rarrafa da gwiwa har gefen Surayya, na ja hannun mayafinta. Ta zare abin sauraro daga kunne ɗaya, fuskarta a ɗaure.

Shekara talatin ina magana a kunnen mutane, ban taɓa yin mai nauyin wannan ba.

"Lambar nan zafi ce," na raɗa mata. "In ta kai ɗari za ta mutu da duk abin da aka ɗauka yau. Tana da fanka. Ni na sa aka kashe."

Ta dube ni, ta dubi lambar, ta sake dubana. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

"A ɗaga ta daga matashin. Sannan Kontrol, Alt, F."

"Ƙarar za ta shiga," ta ce, leɓenta kawai ke motsi.

"Za ta shiga."

Tasa'in da uku. Ta sa hannu biyu za ta ɗaga kwamfutar, sai hannun Hajiya Ashatu ya sauka a wuyan hannunta, ƙarau-ƙarau ɗinta suka yi 'yar ƙara. Mutum biyu suka waigo.

"Ina za ki kai ta?"

"Gwaggo, zafi take yi. Ƙasa zan sa ta, siminti ya fi sanyi."

"Ƙasa? Ana tsakiyar ambaton Allah? Ba a gabana ba."

"Gwaggo, don Allah..."

"Na ce a'a."

Teburin an fitar da shi tsakar gida don a sami wurin zama. Ko yana nan ma, ta riga ta yanke masa hukunci. Na san irin Hajiya, in ka ce mata ta yi kuskure a gaban mutane, sai dai kwamfutar ta narke a kan matashin. Wanda ya ƙi farashi ba a yi masa gardama, wani kayan ake nuna masa. Na shiga waige-waige. A jikin bango, bayan kafaɗar Malam, na hango katakon da yake ɗora littafi in zai karantar, irin mai buɗewa kamar almakashi, ya yi baƙi don tsufa. Na Malam Ɗantani ne tun asali, duk Sabo an sani.

Na miƙa jiki ta gefen tsohon, har ina jin hucin numfashinsa, na zaro shi. Na buɗe na ajiye gaban Hajiya.

"Hajiya, matashi na masu barci ne," na raɗa. "Waƙar Malam, a kan katakon Malam. Taɓa ƙasanta ki ji."

Ta harare ni, amma ta zura yatsu ƙarƙashin mayafin. Ta fizge su da sauri ta kai baki. Ta dubi katakon mahaifinta. Sai ta yaye mayafin, ta naɗe hannuwanta da shi, ta yi bisimilla a hankali, ta ɗaga kwamfutar da kanta ta ɗora. Ta zauna daram a kan bakin katakon biyu, ƙasanta duk a buɗe. A jikin karan-miskin ta bar shatinta, murabba'i, har gashin ya kwanta.

Tasa'in da biyar.

Yatsun Surayya uku suna kan maɓallan, amma ba ta danna ba. Na gane abin da take jira. Babi goma sha ɗaya ta ɗauka ba ko tari a ciki, tana fatan iskar kawai ta isa. Na zari mafici daga hannun wata tsohuwa na shiga fifita ƙasan kwamfutar. Tasa'in da huɗu. Muka dubi juna. Tasa'in da huɗu. Gumi yana ɗiga daga haɓata a kan tabarma. Tasa'in da biyar. Iskar ɗakin kanta ta dahu, zafi nake kora mata da zafi.

Tasa'in da bakwai. Layin da ke rawa a fuskar kwamfutar yana bin muryar Malam ya daskare, ya yi tsalle, ya ci gaba.

"'Yar nan," na ce.

Ta rufe ido ta danna.

Ihun da fankar ta yi, a cikin wannan tsit ɗin, sai ka ce an tayar da babur a tsakiyar zaure. Duk ɗakin ya waigo. Wata mata ta ce "Innalillahi!" Malam Rabe ya buɗe ido. Na ga maƙogwaronsa ya motsa, na ga tarin yana tasowa, na ga ya danne shi da ƙarfin tsiya a tsakanin baiti da baiti. Bai tsaya ba. Ɗaga murya ya yi, ya hau saman ƙarar, jijiyoyin wuyansa duk suka fito.

Makirufon yana gaban Malam, igiyarsa kuma doguwa ce, ni na sayar na sani. Na tallabi katakon da kwamfutar a kansa, na miƙe, na riƙa ja da baya a hankali, mutane suna janye ƙafafu, har igiyar ta kusa miƙewa, daidai bakin ƙofa. Na juya wa Malam baya, na buɗe hannuwan babbar rigata, na sa jikina tsakanin fankar da makirufon. Iskar da take fitarwa tana dukan wuyan hannuna na hagu kamar bakin murhu. Ba halin in sauya riƙo, kada igiyar ta zare.

Tasa'in da shida. Tasa'in da uku. Tasa'in.

Surayya ta matso ta tsaya gefena, abin sauraro a kunne. Na tambaye ta da ido. Ta karkata hannu, wato ana ji, amma da ƙara.

Tamanin da huɗu. Kafaɗuna suka fara rawa. Ni da na haura sittin da biyar, abin da ya fi jakar waya nauyi na manta rabon da in ɗauka. Ina kallon titi ta tsagar ƙofa, wata mai gasa masara tana ta fifita wutarta, ba ta san abin da ake ciki ba. A haka, bayana ga mai waƙa, na ji ya shiga 'yan dako. Ya ambaci mutum huɗu, sannan:

"Yahya na Bici, kwando uku bisa kansa,
Ba ya tambayar nauyi, sai dai nisa,
Ya Rabbi, ran tsayuwa Ka sauke nasa."

Ban san daga Bici muke ba sai ranar. Ban iya ko share fuskata ba, hannuwana biyu suna riƙe da kaya.

Malam ya ƙara kamar minti goma sha biyar. Baitocin ƙarshe da kyar suke fita, amma sun fita, har addu'ar rufewa. Ɗaki ya ce amin, sai tarin ya kama shi, irin wanda ke naɗe mutum biyu. Aka yi kansa da ruwa da tawul. Tun daga wannan tarin ban ƙara jin muryarsa ta waƙa ba.

Surayya ta tsayar da ɗauka, amma ba ta adana ba. Ta sa na sauke katakon a bakin ƙofa, ta buɗe ƙofar iska ta shigo, muka tsuguna muna kallon lambar har ta sauko sittin da takwas. Sannan ta danna. Wani ɗan layi ya fara cika daga hagu, a hankali, lambar ta sake hawa, saba'in da biyar, tamanin, fanka tana ta kururuwa. Ba wanda ya je neman wayarsa a faranti. Layin ya kai ƙarshe. Ta buɗe abin da aka adana, ta ja zuwa farko, ta ja zuwa tsakiya, ta ja zuwa ƙarshe. Ta zare abin sauraron ta kife fuskarta a gwiwa.

"Ya shiga?" in ji Alhaji Rilwanu.

Ta ɗaga kai alamar e.

A nan ne Hajiya Ashatu ta yi magana, kuma ba da raɗa ba, da muryar da take kiran 'yan dako daga wancan ƙarshen Shasha.

"Salisu. Dama abin nan yana da fanka?"

"Yana da ita, Hajiya."

"Wa ya kashe?"

"Ni na sa."

"Ka gaya wa yarinyar?"

"Ban gaya mata ba."

"To." Ta ninke mayafinta. "Jama'a kun ji da kunnenku."

An yi wa Malam aiki washegari. Ya tashi, yana nan da ransa, yana magana da raɗa da kuma hannu. Ikrama ya zauna da babin ƙarshe kwana uku yana tace ƙarar, ya rage abin da ya ragu. Minti uku na farko bayan tashin fankar sai ka kasa kunne sosai, a nan sunan mutum biyu ya nutse, amma Malam ya raɗa wa Surayya su ta rubuta. Sauran ana ji sarai, da wani gurnani a ƙasa kamar mota tana jiran fasinja.

In za a faɗi wanda ya samu, Surayya ta samu, waƙar kakanta babi goma sha biyu tana hannunta, ta kwafe ta wuri huɗu. Ikrama ya samu, don yanzu mai neman kwamfuta a Sabo shagonsa yake wucewa kai tsaye, ta gaban bencina, wani ma ko sallama. Hajiya Ashatu har gobe cewa take katakon Baba ne ya ceci waƙar, kuma ban ga abin musu a ciki ba. Direban tirela ya tafi Arewa da waya mai kyau.

Wanda ya yi asara ni ne. Sunan da na yi shekara talatin ina tarawa ya tafi a yini ɗaya, yara har Baba Mai Fanka suke kirana, ga tabon ƙuna a wuyan hannu. Surayya tana gaishe ni in ta wuce, amma ba ta ƙara zama a bencin ba. Bayan wata biyu ta aiko mini da baiti ukun nan a waya, ba ta haɗa da ko kalma ɗaya ba. Ina saurara kusan kullum. Ana jin sunan Yahya na Bici, ana kuma jin fankar a ƙarƙashinsa, kuma na san wanda ya sa ta a wurin.